Man inji na sintetik idan ya zube a ƙasar ƙanƙara, ina yake zuwa?

Fitan Magazin, Suame:
Assalamu alaikum. A makon jiya yarona ya kifar da galan na man inji na sintetik a ƙofar gareji, muka zuba dusar katako muka kwashe abin da ya kwasu, sauran kuwa ƙasa ta shanye ya bar tabo kamar faɗin tabarma. Wanda nake sayen mai a wurinsa ya ce kada in damu, wai irin wannan mai ƙasa tana cinye shi da kanta. Amma ɗan ƙanwata da ke karatu a jami'ar KNUST ta Kumasi ya ce a Antatika, nahiyar ƙanƙara ta ƙarshen kudancin duniya, inda ake amfani da shi saboda ba ya daskarewa, idan ya zube yakan shekara da shekaru yana nan. Ina roƙon masana su bayyana mini da me ake haɗa shi, kuma me ya sa sanyi yake hana shi ruɓewa.

Malamin Kimiyya, Tafo:
Wa alaikumus salam, Masta. Kalmar sintetik ta haɗa mayuka iri-iri, kuma a nan ruɗanin yake. Wanda aka fi kaiwa ƙasashen sanyi shi ne PAO, wanda ake ginawa a masana'anta daga sinadarin desin mai ƙwayoyin kabon 10. Ana ɗaura uku ko huɗu wuri guda, a sami ƙwaya mai kabon 30 ko 40 mai rassa. Rassan nan su ne suke hana shi daskarewa ko da sanyi ya kai digiri 50 ƙasa da sifili, kuma su ne dai suke wahalar da bakteriya, domin ita takan kama sarƙar ne daga baki tana gutsurar kabon bibbiyu, idan ta iso mahaɗar reshe sai aikin ya cije. Iri na biyu shi ne esta, wanda ake haɗawa daga asid da alkohol. Shi yana da gaɓa da ruwa da bakteriya suke iya tsinkawa, don haka ya fi saurin ruɓewa.

Sai kuma abubuwan da ake ƙarawa, waɗanda mai sayarwa bai ambata maka ba, wato ZDDP mai ɗauke da zinki da fosfaras da ke kare ƙarfe daga ci, da magungunan da ke hana iskar oksijin lalata man. An zuba su ne domin man ya daɗe cikin zafin inji, to haka yake daɗewa a ƙasa. Zinki kuwa ƙarfe ne, ba ya ruɓewa ko a Kumasi ko a Antatika.

Tsohon Ma'aikacin Jirgin Ruwa, Asawase:
Allah ya ƙara ilimi, Malam. Zan ɗora a kan batun sanyin, domin na taɓa ɗaukar man inji a yatsa a tashar ruwa ta Turai cikin hunturu, ya yi kauri kamar zumar da ta kwana. Ruwan tekun Antatika yana kusa da digiri 2 ƙasa da sifili, ƙasar kuma a daskare take sai 'yan makonnin bazara da samanta yake narkewa. Akwai bakteriya masu cin mai a can, irin su Rhodococcus da Pseudomonas, amma a shekara ɗan lokaci kaɗan suke samu su yi aiki, ga ƙasar ba ta da isasshen naitirojin da fosfaras, ga ƙarancin ruwa mai gudana. Dizal aƙalla yana da sassa marasa nauyi da suke tashi a iska, shi ya sa lokacin da jirgin Bahia Paraiso ya nutse kusa da tashar bincike ta Palmer da ke Antatika a 1989 da dizal kimanin lita 600,000, wani kaso ya bi iska da igiyar ruwa, duk da ɓarnar da ya yi wa tsuntsaye. Man inji ba ya tashi, yakan maƙale a yashi da laka ya zauna.

Gwajin da ake yi kafin a rubuta a jikin galan cewa mai yana ruɓewa, a ɗakin bincike ake yin sa da ɗumi kamar na ɗaki, ana neman kashi 60 cikin 100 ya ruɓe a kwana 28. Wannan sakamako ba ya aiki a ƙanƙara. Saboda irin haka ne yarjejeniyar Madrid ta 1991 kan kare muhallin Antatika, wadda ta fara aiki a 1998, ta wajabta kwashe irin wannan shara daga nahiyar. A tashar bincike ta Casey da Ostareliya take da ita a Antatika har haƙe ƙasar da mai ya ɓata suke yi, su tara ta tsibi-tsibi a kan shimfiɗa, su zuba taki daidai gwargwado su riƙa shigar da iska.

Hajiya, Aboabo:
Masta, ni abin da ya fi damuna shi ne baƙin man da aka juye daga inji, domin shi ya kwaso ɓurɓushin ƙarfe da dattin ƙonewa masu jawo ciwon daji. Da ruwan sama ya sauka nakan ga bakan gizonsa yana yawo a kwatar ƙofar gidanmu, inda jikokina suke wasa. Zafin garinmu yana taimaka wa bakteriya, amma ruwa yakan riga ta ɗauke man ya kai rafi.

Fitan Magazin, Suame:
Na gode, Malam, na gode Alhaji da Hajiya. Gobe in sha Allahu za mu haƙe wurin tabon mu zuba ƙasar a durom mai murfi kafin ruwa ya sauka. Malam, a irin ƙasarmu ta gareji, zurfin nawa ya kamata mu haƙa, kuma dusar katakon da muka kwashe za a haɗa ta cikin durom ɗin ne?