Wuƙar da ƙotarta ce kubenta: wane suna za mu ba ta?

Assalamu alaikum jama'a. Yau da neman taimako na zo. Na daɗe ina tara ƙananan wuƙaƙen nan da ake buɗewa a rufe, masu araha, irin na manoma da makiyaya da leburori na ƙasashe daban-daban. Kwanan nan na sayi littafi don in rubuta kowace da asalinta da halinta da Hausa, sai na cije tun a layin farko. Mutumin Ingila yana da pocket knife da folding knife, na Faransa yana da canif. Mu fa, me za mu ce? Na riga na jefa muku wannan tambaya a dandalin nan, kun kawo sunaye da tambayoyi, ga amsata a kansu.

Ku fara duba abin da kyau. Wuƙar da muka gada abu uku ce: ruwa, ƙota, kube. Maƙeri ya ƙera, baduku ya ɗinka mata gida. Wannan kuwa baduku ba shi da aiki a cikinta. Ruwan yana juyawa a kan ƙusa guda, ya dawo ya kwanta cikin ƙota, kaifin ya ɓuya. Ƙotar ita ce kuben. Duk sunan da bai taɓo wannan ba, a ganina ya bar ainihin abin a baya.

Da yawanku kun ce wuƙar aljihu. Na yarda tana da daɗin faɗa, kuma kowa zai gane. Amma wurin ajiya take faɗa, ba ƙira ba. 'Yar ƙaramar wuƙa mai kuben fata ma aljihu ake jefa ta. Sannan Opinel, wuƙar Faransa mai ƙotar itace da ake sa wa lamba gwargwadon girmanta, lamba 13 ɗinta, wadda tsawon ruwanta santimita 22 ne, tana rufewa sarai, amma ba aljihun da zai ɗauke ta. Don haka mu bar wuƙar aljihu a matsayinta na suna gama-gari.

Baba Malam, Allah ya gafarta, na ga abin da ka rubuta cewa a zamaninku aska kuke cewa, da ita kuke fiƙe alƙalami a tsangaya. Wannan magana ta shige ni ƙwarai, don Turawa ma penknife ɗinsu daga fiƙe alƙalamin gashin tsuntsu ta samo suna. Haka a Japan: Higonokami, 'yar wuƙarsu mai rufewa, wadda aka fara ƙerawa a garin Miki a ƙarshen ƙarni na 19, da ita yaran makaranta suke fiƙe fensir, har sai da aka kashe ɗan siyasar nan Inejiro Asanuma da makami mai kaifi a 1960, aka tashi yaƙi da riƙe wuƙa, kasuwarta ta faɗi. Sai dai Baba, yau in ka ce aska, kunne wajen wanzami yake tafiya. Ba za ka ce wa yaro miƙo min aska in fere rake ba.

An kawo wuƙa mai naɗewa. Naɗi na tabarma ne da rawani, abin da ake zagayawa. An kawo mai lanƙwasa, amma ƙarfen da ya lanƙwashe ai ya lalace. Wuƙar ninki ta fi kusa, har na kwana biyu ina rubuta ta. Sai na gwada ta a bakin wani mai tireda, ya ce min, ninki nawa? Ya ɗauka mai baki biyu nake nema. Ninki a kunnenmu ya riga ya zama na lissafi.

To ga tawa shawarar: shiga-ƙota.

Hausa ta saba raɗa suna da aikin abu. Muna da dafa-duka, muna da faɗa-wuta, muna da a-kori-kura. Shiga-ƙota kalma biyu ce, ta faɗi abin da ruwan yake yi. Mace ce kamar uwarta wuƙa: shiga-ƙota ce, shiga-ƙotata ta dakushe, ina da shiga-ƙota biyar. Ɗan uwa da ya ce a wajensu ɓota ake cewa, ai ba gardama, shiga-ɓota ma ta zauna.

Amma suna guda ba zai ishi mai kwatanta su ba, don abin da ke raba su shi ne me yake riƙe ruwan in an buɗe. A nan ne nake so mu tsaya sosai, don maganar yatsa ce. Na taɓa sayen wata marar suna a tasha, ina fere rake da ita na danna ta bayan ruwan, sai ta rufe a kan ɗan alina. Tabon yana nan. Da akwai kalmar da zan tambayi mai sayarwa da ita, da na san irin wadda na saya.

Iri na farko, babu komai sai matsin ƙota da ƙusa. Higonokami ke nan: fallen tagulla ko ƙarfe aka ninke ya zama ƙota, ruwan yana da ɗan wutsiya a baya, kai ne za ka danne shi da babban yatsa muddin kana aiki. Ka ɗaga yatsa, ka saki ruwa. Wannan mu ce mata mai matsi.

Iri na biyu, wadda Turawa ke kira slipjoint, akwai ƙarfe mai tauri, wato sifirin, kwance a gadon bayan ƙota yana tokare ruwan. Bai kulle shi ba, tokarewa kawai. Sifirin dai duk wanda ya taɓa zama garejin bakanike ya san shi, don haka mai sifirin ta wadatar. Sarauniyar wannan iri a wurina Douk-Douk ce, ta gidan Cognet a garin Thiers na Faransa, tun 1929. Gaba ɗayanta abu shida ne: ruwa, fallen ƙarfe da aka ninke, sifirin, ƙusa biyu, da ɗan maratayi. Sirara ce har ka manta tana aljihunka, amma in ka buɗe ta za ka ji ƙas, kamar an rufe akwatin ƙarfe. Don tsibiran Melaneshiya na tekun Pasifik aka yi ta, shi ya sa aka zana wani dodonsu a jiki, amma can ba ta karɓu ba, sai a Arewacin Afirka ta samu shiga. Ɗan uwana na Damagaram, kai da ka ce canif kuke ji a bakin 'yan boko, ga abin da zai yi maka daɗi: akwai samfurinta mai suna El Baraka, da aka cire hoton dodon saboda masu saye Musulmi, aka sa alamar nan ta Agadas da maƙeran Abzin ke yi da azurfa.

Iri na uku ita ce mai kullewa, sai ka saki wani abu kafin ta rufe. An ce mu kira ta mai makulli, amma makulli abu ne da ake cirewa a tafi da shi. Na ƙofar zaure da ke jikin ƙofa, a tura a zare, sakata ne. Mai sakata. Mercator ta Solingen a Jamus, wadda asalinta ya koma 1867, baƙa mai hoton kyanwa, sakatarta a gadon baya take, dannawa ake yi. Okapi ma a Solingen aka fara ta a 1902 don kasuwannin Afirka, daga baya a 1988 aikinta ya koma Afirka ta Kudu. Ita zobe gare ta, ka sa yatsa ka ja sama, sakata ta ɗaga. In kana buɗe ta tana ƙarar-ƙarar kamar ana murɗa agogo.

Hajiya ta tambaya, to Opinel mai zoben wuya fa, ina za ta faɗa? Tambayar ta gwada mana kalmomin da kyau. Joseph Opinel ya fara ƙera ta a 1890 a yankin Savoie na Faransa, kuma shekara 65 tana mai matsi zalla. A 1955 ne aka ƙara zoben da ake murɗawa ya tare ruwan, ta zama mai sakata. Har yau ƙananan, daga lamba 2 zuwa 5, ba su da zobe. Ke nan gida ɗaya, iri biyu, kuma kalmominmu sun raba su ba tare da wahala ba. Lamba 8, mai ruwa santimita 8.5, ita ce ta hannuna kullum. Ƙotarta itace ne, itace kuwa yana numfashi: da damina ya sha danshi ya matse ruwan, da hunturu ya saki. Mutanen Savoie in ta matse sai su ƙwanƙwasa gindin ƙotar a kan tebur, ruwan ya leƙo. In mai ruwan baƙin ƙarfe ce, irin wanda ke iya tsatsa, ka yanka lemun tsami ko albasa sau biyu, za ka ga ruwan ya yi duhu kamar bayan tukunya. Ba lalacewa ba ce. A goge ta ta bushe, a shafa ɗigon man gyaɗa, tsatsa ba za ta kama ba.

Kada a ɗauka rarrabewar nan ta masu sha'awa ce kawai. A Ingila dokar 1988 ta bar mutum ya fita da shiga-ƙota in kaifinta bai wuce inci 3 ba, amma kotunansu sun ce mai sakata ba ta cikin wannan sassauci, sai da dalili. Mai fassara irin wannan labari zuwa Hausa, in wuƙar aljihu kaɗai gare shi, ya haɗe halal da haram wuri guda.

Saura ɗan tsagin nan na jikin ruwa da ake sa farce a ja. Wani ya ce gurbin farce, na karɓa hannu biyu. Yanzu na koma littafina, layin farko ya samu: Douk-Douk, shiga-ƙota mai sifirin, Thiers, baƙin ƙarfe, ƙotar falle.