Ina haddace SVT amma ba na ganewa, ku ba ni shawara

Ɗaliba daga unguwar Zariya:
Assalamu alaikum iyaye da yayye. Ina ajin ƙarshe na lise, seri D, bana zan zauna Bak in Allah ya yarda. Tun ina kwalej hadda nake yi wa darasin SVT, wato kimiyyar rayuwa da ta ƙasa, in zuba a takarda, kwana biyu ya tashi daga kaina. Yanzu an koma lakol, an ce wannan shekarar akwai darasin gadon halitta, ni kuwa ko bambancin selil da kromozom da ADN ban riƙe ba. A gida ba mai karatun boko da zan tambaya. Ta ina zan faro?

Malamin SVT a Tibiri:
Wa alaikumus salam ƴata. Faro daga selil, wato ƙwayar halitta. Wani Bature ɗan Ingila, Robert Hooke, ya yanki ɓawon itace siriri a 1665 ya duba da madubin likita, sai ya ga ƴan ɗakuna jere, ya kira su da sunan ɗaki. Ki riƙe ɗakin nan. A cikinsa akwai adaka, ita ce nuwayo. A cikin adakar akwai dunƙulen zare, a jikin mutum guda 46, 23 daga uwa, 23 daga uba. Dunƙulen su ne kromozom, zaren kansa shi ne ADN, kowane yanki na zaren da ke ɗauke da umarni guda shi ne jen. Sai a 1953 Watson da Crick suka bayyana siffar zaren, da taimakon hotunan aikin Rosalind Franklin. Amma ki kula da tarko ɗaya da muke yawan ɗana wa ɗalibai: jar ƙwayar jinin mutum idan ta nuna ba ta da nuwayo.

Wata ma'aikaciyar awon jini:
Ƙanwata, gadon halitta kullum muna ganinsa a ɗakin awo, wajen amosanin jini da ake kira sikila. A shi ne lafiyayyen jen, S na sikila, mai SS shi ke da ciwon. In miji AS ne, mata ma AS, zana akwati mai gida huɗu, ki sa A da S na miji a sama, na mata a gefe. Za ki samu AA ɗaya, AS biyu, SS ɗaya. Inda mutane ke ruɗewa shi ne su ce "mun haifi mai SS ɗaya, ukun da ke tafe lafiya lau." A'a. Kowane ciki lissafinsa daban, kamar a jefa ƙwandala sama: faɗuwar jiya ba ruwanta da ta yau. Na ga gidan da ƴaƴa uku a jere suka zo da shi, na ga wanda babu ko ɗaya. Lissafin da ke cikin akwatin nan ya samo asali ne daga aikin Mendel, wanda ya yi shekaru yana haɗa irin wani wake a lambu, ya buga sakamakonsa a 1866, ba a waiwaye shi ba sai 1900.

Injiniyan noma, tsohon ɗalibin Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo:
Tunda kaka ce, je gona ki tuge wake ɗaya da saiwarsa a hankali. Za ki ga ƴan ƙululai kamar ƙwayar dawa. Fasa ɗaya da farce: in cikinsa ja-ja ne, bakteriya mai suna rizobiyom tana aiki, tana kamo azot, sinadarin da shuka ke buƙata don girma, daga iska, wanda ya kai kashi 78 cikin ɗari na iskar da muke shaƙa, tana ba shukar, ita kuma shukar tana ciyar da ita. Shi ya sa kakanninmu ke haɗa hatsi da wake tun ba su ji sunan sambiyoz ba, wato wannan zaman cuɗe ni in cuɗe ka. Gawo ma dangin wake ne, ga shi yana kaɗe ganye da damina, hatsi ya samu rana da taki a gindinsa.

Wani da ya ci Bak bara:
Malamai sun yi gaskiya, amma kada ki yar da hadda gaba ɗaya fa. Mai gyaran takarda ba zai ba ki maki kan adaka da zare ba, kalmar Faransanci yake nema. Ni abin da ya fisshe ni tsoffin tambayoyin Bak ne, da zana kowane hoto sau uku ba tare da kallon kaye ba.

Ɗaliba:
Allah ya saka da alheri. Yaya, na zana akwatin. To in miji AA ne, mata SS fa?

Ma'aikaciyar awon jini:
Zana ki gani da kanki.

Ɗaliba:
Gida huɗu duka AS suka fito. Ke nan babu mai ciwon, amma duka suna ɗauke da shi?

Malamin SVT:
Haka ne ƴata. Gobe ki gwada AS da SS, ki kawo mana abin da kika samu.