Wace irin laimar kwaɗi ce wannan?

Tambaya: Salam jama'a, na tsinci wata laimar kwaɗi a daji gindin ruɓaɓɓen icce, samanta ruwan ƙasa, ƙasanta fari tas, ban taɓa ganin irinta ba. Ga hotonta, ya ake gane ta?

Amsa 1: Hoto kaɗai ba ya isa malam. Ka cire hular ka kifa kan takarda, rufe da kofi ta kwana, da safe za ka ga garin da ta zubar, kalarsa ake dubawa. Kuma tono ta za ka yi har gindi, in akwai 'yar jaka a ƙasan to hattara, dangin Amanita, wato wani jinsin laimar kwaɗi da ke da masu guba a cikinsa, haka suke.

Amsa 2: Don Allah kar ka ɗanɗana! Amanita phalloides, ɗaya daga cikin dangin nan, hanta take lalatawa, sai bayan awa 6 ko fiye ciwon ke tashi, dafuwa ma ba ta kashe gubar.

Tambaya: Ci kuma? Wa, ni? Bari dai in nemo takarda.