Wane Faifan The Third Man Ya Kamata a Saya?

Da aka tattauna kan wannan fim na 1949 da Carol Reed ya ba da umarni, an fara da tsawonsa. A nemi sigar Ingila mai minti 104, domin ta Amurka an datse mata minti 11.

An fi daɗewa kan hoto. Inuwa ce ran fim ɗin: titunan birnin Biyana (Vienna) jiƙe da ruwa cikin dare, da duhun magudanan ƙarƙashin ƙasa. Faifan da aka goge hotonsa har fuskoki suka yi sumul kamar roba, a bar shi. Akasarin waɗanda suka tattauna sun zaɓi gyaran 4K (hoto mai tsabta sosai) na kamfanin fim na StudioCanal na 2015, ni ma shi na fi so.

Kafin a biya kuɗi a duba yankin faifan Blu-ray, domin faifan wani yanki na iya ƙin aiki a na'urar wani yanki: Afirka da Turai yankin B suke, Amurka yankin A.