Sabon shiga hawan keke a Sakkwato: da wane tudu kuka fara?

Daga Arkilla:
Assalamu alaikum jama'a. Na sayi keken nan mai kaurin taya na hawan dutse, na hannu ne amma giyarsa 21 duk suna shiga lafiya, sati uku kenan ina zagaya unguwa da shi bayan sallar asuba. Yanzu so nake in fara hawan tudu don numfashi ya buɗe, amma ba irin wurin da sai ka tsallake duwatsu ko ka gangara kwazazzabo ba, shekaruna 38 kuma rabona da keke tun ina sakandare. Don Allah duk wanda ya taɓa tsara wa kansa hanya ya faɗa mana inda ya fara da abin da ya tarar.

Daga Runjin Sambo:
Wa alaikumussalam ƙanena, Allah shi ba da sa'a. Ni dai shawarata kak ka tahi nesa neman tudu, garin ga namu kansa bisa tudu yake, gulbi na ƙasa. Lokacin da munka fara ni da abokina hanyar jami'a mu ka bi, mu gangara wajen Kwalkwalawa mu ƙetare gada, mu ɗan miƙe cikin fadama ƙafa ta yi zafi, sannan mu juyo mu hawo gari. Hawan bai da tsanani amma sabon shiga zai ji shi ga cinya. Satin farko sau biyu mu ka hawa mu koma gida, da anka yi wata guda mun kai sau biyar. Amfanin maimaita tudu guda shi ne ka san inda za ka canza giya, ka san inda numfashi ka yanke ma, kuma in ka gaji gida na kusa ba sai an neme ka ba. Ka dai fita da wuri kahin motocin ɗalibai da 'yan kabu-kabu su cika hanya.

Daga Mabera:
Ni kuskuren da na yi shi zan faɗa don kada ka maimaita. Ina ganin tsaunukan nan masu shimfiɗaɗɗen kai na wajen Shuni da Dange duk lokacin da na bi hanyar Gusau a mota, sai na ce can zan fara, na sauka daga kwalta na kama wata hanyar ƙauye ban taɓa binta ba ko sau ɗaya. Wallahi ba tudun ne ya wahalar da ni ba, rairayi ne. Kana cikin tafiya kan jar ƙasa mai tauri sai kawai ka faɗa wurin da ruwan damina ya tara yashi, tayar gaba ta nutse kan keke ya karkace, dole ka sauka ka tura, haka na yi ta yi ina hawa ina sauka har rana ta buɗe ruwana ya ƙare, kuma tudun da na je dominsa ko gindinsa ban kai ba. Wani dattijo da ya fito da jakinsa ne ya nuna mini hanyar da ta fi tauri ta ɓullar da ni titi, Allah ya saka masa.
Daga ranar na koyi duba launin ƙasa. Inda ka ga ja mai tsakuwa, irin ta marmara, nan taya ke kamawa. Inda ka ga fari-fari ya kwanta a kwari to yashi ne, ka kauce. Kuma duk hanyar da zan sa cikin atisaye sai na fara binta da mashin tukuna, in ga inda ruwa ya zaizaye, in ga inda take da kwana a gangare. Yanzu ina da zagaye na kamar kilomita 12 a wajen, tudu uku ne ciki, babu wanda ke sa ni tashi daga kan sirdi. In tudu ya kai sai ka miƙe tsaye kana lilo da keke kafin ka hau, wannan ba na sabon shiga ba ne, a bar shi sai gaba.

Mai gyaran keke, Tsohuwar Kasuwa:
Malam na Mabera ya faɗi gaskiya amma ya manta da tsidau. Rabin masu kawo min irin keken ga faci ne, kuma in na juya tayar sai in ciro ƙaya huɗu biyar. Kak ka bi gefen gona ko inda ciyawa ta bushe, bi tsakiyar sawu inda mashin da amalanke sunka daddaɓe. Ka riƙe tub guda sabo da famfo ƙarami da kayan faci, kuma ka koyi cire taya a gida tun kahin ka fita. Wata dabara, ka tsaga tsohon tub ka shimfiɗa shi tsakanin taya da sabon, shina rage hudawa sosai. Iska kuma kak a cika ta tam in za a bi tsakuwa, keken zai riƙa tsalle, a rage kaɗan. Birki ka kama biyu tare in kana gangarawa, ka ja jiki baya, na gaba shi kaɗai zai iya wurga ka. Ka sauke giya tun kana gindin tudu, in ka bari sai ka yi nisa ƙafa ta yi nauyi sannan ka canza, sarƙa ka tsinkewa.

Daga Gawon Nama:
Yayana ni aikin jinya nake, abin da zan ƙara shi ne zafi. Daga Maris zuwa Mayu garin nan yana wuce digiri 40, saboda haka hanyar da za ka tsara ta zama wadda za ka gama kafin ƙarfe 8 na safe. Ni da lita ɗaya da rabi nake fita da dabino biyar a aljihu, kuma ina kurɓa tun kafin ƙishi ya zo. In kana hawa ka ga ba ka iya yin magana jimla guda ba tare da haki ya katse ka ba, ka rage. In jiri ya zo ko ƙirji ya riƙe, sauka ka nemi inuwa, ka ga likita kafin ka sake fita. Kwana uku a sati ya isa, da hutu a tsakani. Lokacin hunturu kuma iskar daga arewa maso gabas take tasowa, ka fita kana fuskantarta da sauran ƙarfinka, ta turo ka wajen dawowa. Hular kwano kuma ba a barinta ko da zagayen unguwa ne.

Daga Gidan Igwai:
Ni Kalambaina na fara tunda akwai tuddai, amma ban ba sabon shiga shawarar titin ba, manyan motocin siminti sun yi yawa ga ƙura. Sai dai in ka san hanyoyin ciki.

Daga Runjin Sambo:
Hakanan ne. Kuma batun tsaro, mun san halin da gabashin jiha ka ciki, Wurno da Goronyo suna da tuddai masu kyau amma yanzu ba wurin zuwa atisaye ba ne. Ko nan kusa ku fita ku biyu, gida su san inda kunka nufa, in kun shiga ƙauye ku yi sallama ku gaisa da mutane, in kun gamu da garken shanu ku sauka ku ba su hanya.

Daga Arkilla:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Yau Asabar na gwada ta Kwalkwalawa ni da ɗan yayata, na kunna Strava, manhajar auna tafiya, a waya ta nuna kilomita 14 zuwa da dawowa, hawa biyu na yi, na biyun sai da na sauke giya har ta ƙarshe amma ban sa ƙafa ƙasa ba, kafin ƙarfe 8 muna gida. Gaban gwiwata na dama ne ke ɗan ciwo, ina zargin sirdin ya yi ƙasa don ƙafata ba ta miƙewa in feda ta sauka. Baba mai gyara, zan shigo kasuwa Litinin bayan la'asar ka duba min tsawonsa, ka ajiye min tsohon tub biyu. Malam na Mabera, in na yi wata guda a nan zan so ka kai ni zagayen nan naka na wajen Shuni.