Don Allah a taimaka min da asimtot na tsaye

Ummi_K:
Salam yan uwa. An bamu f(x) = (x² − 4)/(x² − x − 2), aka ce mu nemo domen (wato lambobin da x zai iya ɗauka) da asimtot na tsaye (wato layin tsaye da giraf ke matsowa kusa da shi yana tserewa sama ko ƙasa). Na warware na ƙasa ya bani (x − 2)(x + 1), sai na rubuta asimtot biyu, x = 2 da x = −1, amma malam ya soke na 2 ɗin da jan biro kuma wallahi har yanzu ban ga laifina ba.

Abban Sadiq:
Wa alaikis salam ƙanwata. Domen ɗin dai shi ne duk lambobi banda 2 da −1 tunda ba a raba abu da sifili. Amma na sama ma ki warware shi, (x − 2)(x + 2) ne, kinga (x − 2) yana sama yana ƙasa, zai tafi ya bar (x + 2)/(x + 1). To a 2 ba asimtot bane, ɗan rami ne kawai a giraf ɗin, a daidai y = 4/3.

Hafsy:
Gwada da kalkuleta ki gani da idonki. Sa −0.99 zai baki 101, sa −1.01 zai baki −99, kinga ya tsere sama da ƙasa. Amma sa 1.99, wajen 1.33 ne, ko gezau.

Ummi_K:
Kai na gode sosai yaya! Kenan duk wanda ya soke rami ne?

Abban Sadiq:
Ba kullum ba fa. Duba (x − 2)/(x − 2)², bayan sokewa saura ɗaya a ƙasa, don haka asimtot na nan a 2.