Saje Mai Ƙwarya: Wa Zai Ɗora?

Jikar Saje:
Salamu alaikum 'yan zaure. Yau 15 ga Janairu, ranar 'yan mazan jiya, tun safe rediyo ke ta busa begila, sai angona ya faɗo mini a rai, wato kakana na wajen uwa, Bafillacen ƙasar Zazzau. Yana cikin runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma da Turawa suka kwasa a jirgin ruwa zuwa Indiya a 1943, daga can suka kutsa dajin ƙasar Bama (Myanmar ta yanzu) ta kwarin kogin Kaladan. Ya dawo a 1946 da igiya uku a hannu, bai ƙara kwana a bariki ba. Ga tawa, ƙwar huɗu ce, babban amsa-amo "wa". Mai ji da kansa ya ɗora.

Saje angona mai ƙwarya,
Ka je Bama ka sha wuya,
Ka komo ba ka yin ƙarya:
Wai lamba ba ta tatsuwa.

Kuɗin sallama 'yan kaɗan,
Waɗansu sun kai su gidan
Giya, kai ko na Kaladan
Ka sai bunaji da harawa.

Asuba kana dangwali,
Da hantsi kana burtali,
Kana sulhu da hankali,
Ba bindiga, ba garkuwa.

Babarbaren Yerwa:
Allah ya jiƙan Saje, ya sa ya huta. Addu'a daban, gaskiya daban. Jikar bawana, matso ki ji tarihin da aka ɓoye miki a gida.

Bafillace da bindiga!
Ku tambaya, ina ya ga
Hanyar Bama? Ya bar ruga
Gudun jangali da yunwa.

Da an sako masa saniya
A bakin daga, gaskiya
Da Saje ya ɗau igiya
Ya bi ta har cikin dawa.

Ɗan Ruga:
Ƙanwata, kada ki ɓata yawunki, bar ni da shi. Tun yaushe bawa ya fara kiran ubangijinsa bawa?

Babarbare rufe baki,
Kakanka bai taɓa kaki,
Yana Baga yana aiki
Na ƙirga banda da kanwa.

Kanwar nan wa ya saye ta?
Shanunmu ne ke lasar ta,
Ba don mu ba da an bar ta
Ta sha ƙura a kasuwa.

Uwar Biyu:
Kai! Ɗan Ruga, Allah ya bar mana kai. Yerwa ta yi shiru.

Babarbaren Yerwa:
Yerwa ba ta yi shiru ba, caji ne ya ƙare. Ina nan tafe.

Bakanon Asali:
Ni dariya kuke ba ni. Ana ƙarni na 21 kuna faɗa a kan ƙwarya.

Ku yi ta faɗa kan nono,
Ni na bar shi, mu 'yan Kano
Gwangwani muke buɗewa a kwano,
Babu ƙuda, ba kuka, ba ruwa.

Malam Mai Awo:
Tsaya nan, ɗana. Tun daga baitin farko zaren nan a kan gaɓa 8 yake tafiya. Ɗangonka na uku na ƙirga gaɓa 11, na huɗu 10. Wannan ba ɗingishi ba ne, karaya ce, sai an kira maɗori. Dubi yadda Jikar Saje ta yi sabi-zarce, ta tsaya a "gidan" ta tsallaka da "giya" zuwa ɗango na gaba, ko ƙura ba ta tayar ba. Haka ake yi.

Baiti kamar awon gero,
Tiya ba ta biɗar ƙaro,
Bakano zo ka sha horo,
Ka bar sauri na kasuwa.

Bakanon Asali:
Allah gafarta Malam, ashe tiyar taka baki biyu gare ta. "Da an sako masa saniya" na Babarbare gaɓa nawa ne? 9. "Ka sai bunaji da harawa" na 'yar gaban goshinka fa? 9. Su ba ka kira musu maɗori ba.

An ba Malam furar Zazzau,
Shi ya sa ya ga nata da kyau,
Nawa kuwa tun jiya har yau
Yake wa riƙon kishiyar uwa.

Malam Mai Awo:
Ba kawuna kaɗai ake ƙirgawa a kari ba, nauyi ake aunawa. "Masa" gaɓoɓi biyu ne marasa nauyi, suna iya zama a mazaunin guda mai nauyi, kunne ba zai ji tuntuɓe ba. Rera ka ji. Naka kuwa ko ka kira makaɗi da kalangu ba zai ɗauke shi ba. Kuma wannan sabon da ka kawo, ɗangon ƙarshe 10 ne.

Ɗan Ruga:
Malam ya koma mai karɓar jangali, yana bin ɗango yana ƙirga wutsiya.

Uwar Biyu:
A bar Malam ya yi aikinsa. Bakano dai ya sha ƙasa, ya karkaɗe rigarsa kawai.

Bakanon Asali:
Uwar Biyu, kowa ya san mijinki Bazazzagi ne. Shaidarki ba ta karɓuwa a wannan kotun.

Malam Mai Awo:
In ana son a bi ƙa'ida sosai ma, sai a fara tantance bahar ɗin da aka hau, don wasu baitocin nan ƙafa ɗaya a Rajaz take, ɗayar a kasuwar Kurmi.

'Yar Mai Nono:
Malam, a yi haƙuri a ajiye tiya tukuna, akwai bashin da ban biya ba. Bakano ya ce kuka da ruwa. A kan ƙwaryar nono uwata ta biya mini kuɗin makaranta, kilomita 7 take takawa zuwa gari da ƙwarya uku a ka, faifai a kan faifai. Saboda haka yayana, buɗe kunnenka.

Kai Bakano na gwangwani,
Ka san hantsa cikin rani?
Lita guda ake gani,
Rabi na ɗan maraƙi kuwa.

Kuɗinka na sayen tsala,
Ka ce kindirmo, ba illa,
Rijiya za ta sha wahala
Ta cike gurbin taka rowa.

Kuma madarar garin da kake taƙama da ita, juya bayan ledar ka karanta. Da yawa daga cikin masu arahar nan an kwashe man shanun tun a Turai an maye shi da man tsirrai, sannan aka loda a jirgin ruwa. Wato kai ma tsala kake sha, taka dai ta yi karatun boko.

Ɗan Ruga:
Tsala mai digiri! Yau kam a kai Bakano gida a amalanke.

Tsohon Kofur:
Na makara, sai da jikana ya dawo makaranta ya buɗe mini wayar. Yara, na ga kun bar Saje a tsaye a rana kun koma faɗan tiya. Ni ECOMOG na yi, rundunar kiyaye zaman lafiya ta Afirka ta Yamma, muna cikin waɗanda suka sauka Monrobiya a 1990. Mutanen Bama su ne iyayenmu a aikin nan. Dajin da suka shiga mota ba ta shiga, a ka aka riƙa ɗaukar harsashi da abinci, jirgin sama na jefo musu guzuri. Wanda ya wuce barikin Chindit a Zariya, ko Arakan da Myohaung a Legas, sunayen yaƙin nan yake karantawa bai sani ba. Babarbare, wasa wasa ne, amma a sara wa Saje. Ni ga tawa, Malam ya ƙirga in ya ga dama, na ga abin da ya fi tiya.

Na sha rana a kan layi,
Na kwan tasha cikin sanyi,
A kan fanshon kuɗin shayi,
Sai gobe, sai wata mai zuwa.

Saje ya fi ni dabara,
Kuɗinsa ya kai su kara,
Fanshonsa na cikin madara,
Kullum biya, ba tantancewa.

Malam Mai Awo:
Ranka ya daɗe, ban ƙirga ba.

Bakanon Asali:
Ka ga kaki ka ɓoye tiya ke nan.

Jikar Saje:
Baba Kofur, Allah ya ƙara girma, ya sa a biya ku haƙƙinku kuna da rai. Amma fanshon hantsa ma yakan tsaya. Farin 1973 ya rage masa garke, bai gama farfaɗowa ba cutar bushiya ta 1983 ta shigo. Inna ta ce da safe za ka ga saniya tana hawaye da dalala, kwana kaɗan ta kwanta da zawo, shi ke nan. Da ma'aikatan dabbobi suka zo da allura, mutanenmu suka kora shanu daji, don tun zamanin jangali duk wanda ya zo da littafi yana ƙirga shanu ba a yarda da shi. Angona ya ɗauko usur ɗinsa na soja, ya fara jera nasa a gaban kowa.

Baba Kofur a yi sannu,
Bushiya ta shiga shanu,
Ta bar igiya a hannu,
Ungulu na ta yin rawa.

Ya sa usur ya ce a tara,
Garke garke duka a jera,
Fareti ne na allura,
Mai ɓoye tasa ya sha tsawa.

Bai kai 2011 ba, shekarar da aka shelanta cewa bushiya ta ƙare a duniya, da ya yi fareti shi kaɗai. Abin da na gani da idona kuwa shi ne ƙaramar ƙwaryar nan mai ɗinki a baki. Kafin kakata ta taɓa nonon safe, sai ya cika ta ya miƙo mini, ya ce, "Amarya, gidan wance." Wata rana mai jego ce, wata rana marayu, wata rana tsangaya. In na yi jinkiri ya ce zai sake ni ya auri mai sauri. Lambar Tauraruwar Bama da aka ba shi kuwa, a cikin gwangwanin maganin kaska na same ta bayan rasuwarsa, tare da basilla da guntun kanwa.

'Yar Mai Nono:
Kin sa ni hawaye a cikin Keke Napep. Allah ya kai haske kabarinsa.

Bakanon Asali:
Amin. Amma a lura, a gwangwani aka ajiye lambar, ba a ƙwarya ba. Gwangwani ya yi rana.

Ɗan Ruga:
Na maganin kaska. Daidai da kai.

Tsohon Kofur:
'Yata, shanun suna nan?

Jikar Saje:
Saura tara, Baba. Kawuna ya matso da su bakin gari saboda ɓarayin shanu, yanzu dusa da harawa ake saya musu, burtalin da angona ya sha rana a kai duk ya zama gonar masara. Ƙaramar ƙwaryar tana fita, amma ranar Juma'a kawai.

Babarbaren Yerwa:
An kawo wuta bayan kwana biyu. Na karanta duka, har da tsala mai digiri. Kofur, na sara. Ɗan Ruga, bashinka na kanwa yana nan, ban yafe ba.

To na janye rabin zance,
Saje ya yi, a rubuce,
Amma jikarsa ta mance,
Furar ubangida ba ta zuwa.

Bakanon Asali:
Malam Mai Awo, ɗangon ƙarshen nan gaɓa 10 ne, da yatsu na ƙirga, sau biyu. Muna jiranka.